Ƙamshin Fatar da ya Ɓace a Motar Alhaji: Nazarin Lamari daga Ƙasar Ringim

Asalin lamarin: Fabrairu 2022

Mutumin da wannan bayani ya shafa ɗan kasuwa ne mai sayen riɗi da zoɓo, yana zaune a wani ƙauye a ƙasar Ringim ta jihar Jigawa. Shekarunsa sun ɗan haura hamsin. Za mu kira shi Alhaji kawai, yadda mutanen garinsu ke kiransa.

A watan Fabrairun 2022, bayan ya sayar da riɗin da ya tara da kaka, ya shiga Kano ya sayi Toyota Camry ƙirar 2008, 'yar Kwatano, wadda ba a taɓa hawa a Najeriya ba. Kujerunta na fata ne, launin ruwan madara. Inji lafiya, giya lafiya, iyakwandishan yana sanyi. Amma abin da ya fi shiga ran Alhaji ba ko ɗaya cikin waɗannan ba ne. Ƙamshin cikinta ne. Da an buɗe ƙofa sai wani ƙamshin fata mai taushi ya tarye ka, irin na sabon takalmi mai tsada. Duk wanda ya rage wa hanya sai ya ce, "Alhaji, kamar yau ta fito daga kamfani." Shi kuma yana jin daɗin maganar fiye da yadda yake nunawa.

Yanayin aikin motar yana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya. Ranar Lahadi tana zuwa kasuwar Gujungu, wasu Alhamis ɗin ta kai Maigatari, Kano kuma kamar sau biyu a wata. Daga ƙauyen zuwa bakin kwalta akwai hanyar burji ta kusan kilomita shida. Ba ta da gareji. Tana kwana a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, yaran gida ne ke wanke ta da bokiti.

Daga Fabrairu zuwa Yuni ƙamshin yana nan, sai dai yana raguwa a hankali. Alhaji bai lura da raguwar ba a lokacin. Daga baya ne, da aka zauna ana tuna abubuwa, babban ɗansa ya ce tun kafin damina ƙamshin ya fara sauka.

Damina da bayanta: Agusta zuwa Oktoba 2022

Abubuwa uku suka faru a cikin wata uku.

Na farko a tsakiyar Agusta. Aka bar gilashin baya na hagu a sauke kamar faɗin yatsu biyu, ruwa ya kwana yana zuba. Da safe aka goge kujerar da tsumma, aka fitar da tabarmin roba na ƙasa aka shanya. Kafet ɗin da ke ƙarƙashi aka taɓa da hannu, aka ji ɗan danshi, aka ce zai bushe da kansa.

Na biyu a watan Satumba, lokacin ambaliyar da ta yi wa Jigawa ɓarna a shekarar, wadda ƙasar Ringim na cikin wuraren da suka ji jiki. Alhaji ya ratsa wani wuri da ruwa ya haye hanya, ruwan ya kai bakin ƙofofi. Motar ba ta mutu ba, ya fito lafiya, ya yi hamdala. Bai duba ƙasa ba.

Na uku a farkon Oktoba. Wani aboki ya ba shi tsarabar ɗanyen kifi daga Haɗeja a cikin leda, aka sa a but. Ledar ta huje. An wanke shimfiɗar but ɗin a ranar, amma ba wanda ya ɗaga ta ya leƙa ramin da ake ajiye safayar taya.

Akwai kuma abu na huɗu da uwargidan Alhaji ta sha faɗa ba a ɗauka da muhimmanci ba: duk ranar da suka yi doguwar tafiya da iyakwandishan a kunne, takan ji ƙasan kujerar gaba ta fasinja da laima, ko da ba a yi ruwa ba.

Zuwa ƙarshen Oktoba ƙamshin fata ya tafi gaba ɗaya. Abin da ya maye gurbinsa ba wari ɗaya ba ne. Da asuba in an buɗe ƙofa, warin rima ne, irin na ɗakin ƙasa da aka daɗe ba a buɗe ba. Da rana in mota ta ɗauki zafi, sai ƙarni ya taso daga baya. In aka kunna iyakwandishan kuma, minti ɗaya ko biyu na farko iska mai tsami ce ke fitowa, kafin ta daidaita.

Gwaji na farko, turare: Nuwamba 2022

Alhaji ya fara da abin da kowa ke farawa da shi. Ya sayi turaren mota na ratayawa guda uku, ya ƙara da na fesawa. Kwana biyu zuwa uku ana jin turaren, daga nan sai warin ya ɓullo ta ƙarƙashinsa, su haɗu su zama wani abu na uku da ya fi na da hawa kai. Ƙaramar 'yarsa ta yi amai a hanyar Kano.

Sai uwargida ta karɓi aikin. Ta zuba garwashi a kasko, ta sa turaren wuta mai kyau na Barebari, aka ajiye a ƙasan mota kan faranti, aka rufe ƙofofi kamar minti ashirin. An yi haka sau huɗu cikin mako biyu. Hayaƙin ya kama rufin motar na ciki, wanda yadi ne, ya kama bel, ya zauna daram. Kusan mako guda motar tana ƙamshin ɗakin amarya. Bayan nan warin rima ya dawo yadda yake, ga ƙaurin hayaƙi a kansa. A karo na huɗu wani ɗan garwashi ya faɗo ya ƙona tabarmin roba, ya bar huji kamar girman kwabo. A nan aka tsayar da wannan hanya.

Gwaji na biyu, wanki da omo: Disamba 2022

Abokan Alhaji a majalisa suka ce datti ne, a kai ta wankin ciki da waje. Ya kai ta wani wurin wankin mota a bakin hanya. Yaran suka kaɗa omo a bokiti, suka dirje kujeru da buroshin wanki mai tauri, suka sa wa kafet ruwa da tiyo, suka tsane da tsumma, suka bar ƙofofi a buɗe awa biyu. Da yamma ya ɗauki motarsa.

Makonni uku da suka biyo baya sun rikita lissafi. Hunturu ya kankama, iska ta bushe ƙarau, warin ya ragu sosai har Alhaji ya ce an rabu da shi. Sai dai kujerun sun canja. Fatar da take da santsi ta koma ƙiƙas a hannu. Gefen kujerar direba, inda jiki ke goga wajen shiga da fita, launinsa ya koɗe, ƙananan tsagu suka bayyana kamar faso a dunduniya. Ƙamshin fata bai dawo ba ko kaɗan. Wani dattijo a majalisar ya ce an yi gyaran gangar Auzinawa.

Gwaji na uku, mai: Janairu zuwa Maris 2023

Ganin fatar ta bushe, sai aka ba shi shawarar a shafa mata mai, tunda haka ake yi wa takalmi da sirdi. Aka narka man kaɗe kamar rabin gwangwanin madara, aka haɗa da man gyaɗa cokali uku, aka shafe kujerun gaba da na baya.

Kwana biyu suna sheƙi. A kwana na uku ƙurar hunturu da ta hanyar burji ta fara mannewa, launin ruwan madara ya koma ruwan ƙasa, bakin ɗinki ya cika da baƙin maiƙo. Ranar wata Juma'a Alhaji ya sauka a masallaci da farar babbar riga, aka ja shi gefe aka nuna masa bayanta.

A watan Fabrairu aka shiga ƙarancin takardun kuɗi, harkar kasuwa ta tsaya cik, maganar mota ta koma gefe. Abin da aka iya yi a gida shi ne barin ƙofofi a buɗe da rana, da ajiye ɓawon lemo da kanumfari a ƙarƙashin kujera. Waɗannan ba su yi ɓarna ba, ba su kuma yi magani ba. Da zafi ya shigo a watan Maris, man da aka shafa ya fara hamami, irin na tsohon man suya. Warin rima kuma ya dawo da ƙarfinsa. Yanzu motar na ɗauke da wari iri biyar: rima, ƙarni, tsamin iyakwandishan, ƙaurin turare, da hamamin mai.

Duban baduku: ƙarshen Maris 2023

An fara azumi ranar 23 ga Maris. A makon farko, bayan la'asar, Alhaji ya je gaida kawunsa, wani tsohon baduku da ya haura shekara saba'in yana ɗinkin gafaka, kube da takalma. A cikin hira ya kawo kukan motar. Tsohon ya ce a matso da ita ƙofar zaure.

Bai tambayi abin da aka shafa ba, hancinsa ya gaya masa. Ya sa aka kawo ruwa a moɗa, ya tsoma yatsa, ya ɗiga ɗigo ɗaya a saman kujerar baya, inda man bai kama sosai ba. Ɗigon ya tsaya a dunƙule, bai shiga ba. Ya ɗauko wani ƙyallen jar fata daga cikin kayan aikinsa ya ɗiga mata, nan take ta shanye, wurin ya yi duhu.

"Ka gani, ɗana? Tawa tsirara take, taka kuwa da riga. Duk man da ka zuba, rigar ka shafa wa, bai kai ga fatar ba."

Daga nan ya durƙusa da kyar, ya kai hancinsa jikin kujera, sannan ya kai ƙasa wajen ƙafar fasinja. Ya danna kafet da babban yatsa ya riƙe, ya ɗago ya nuna wa Alhaji. Yatsan da laima, a ƙarshen Maris, wata shida ba a ga ruwan sama ba.

"Kun bar jaki kuna dukan taiki. Fatar nan ba ta yi maka laifi ba. Ciwon yana ƙasa."

Yana da kyau a tsaya a nan a fayyace abin da tsohon yake nufi da riga, domin a kansa sauran aikin ya ginu.

Fatar da majemanmu ke yi, irin ta Majema da ke Ƙofar Wambai a Kano, galibi ta akuya ce ko ta tunkiya. Ana jiƙa ta a ruwan toka gashi ya saki, a kankare, a tausasa ta, sannan a jeme ta da garin bagaruwa. Bayan nan a shafa mata ɗan mai, a rina ta, ja da karan dafi. Irin wannan fata ce fatake suka riƙa ƙetarawa da ita hamada tun ƙarnoni da suka wuce, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, alhali daga Kano da Sakkwato ta fito. Fuskarta a buɗe take. Tana shan ruwa, tana shan mai, ƙamshinta kuma na bagaruwa ne da man da aka sa mata.

Fatar kujerar mota wata aba ce daban. Ƙirgin sa ne, wanda mu a nan mafi yawansa ganda muke yi da shi. Galibi da wani sinadari da ake kira gishirin kuromiyam ake jeme shi, irin jimar da masana'antun Challawa da Sharaɗa a Kano ke yi. Bayan jima ana sa masa mayukan da ke hana shi taurarewa, sannan a fesa masa launi, a bi da wani siririn rufi mai kama da roba don ya jure gumi, rana da gogayya. Wannan rufin shi ne rigar. A motoci da yawa ma tsakiyar kujera da wurin jingina ne kawai fata, gefe da baya roba ce da aka yi wa zanen fata. Ƙamshin da ake ji a sabuwar mota kuwa haɗaka ce: sinadaran jima da mayukan fatar, da tururin da roba, gam da soso ke fitarwa suna sababbi. Duk waɗannan abubuwa ne masu tashi a iska, zafi kuma yana hanzarta tashinsu. A watan Afrilu zafi a Jigawa yana wuce digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana iya wuce 60.

Haka nan fata a ɗabi'arta tana da ɗan tsami, omo kuma kishiyar tsami ne mai ƙarfi, ɗan'uwan kanwa. In ya haɗu da buroshi mai tauri yana cinye rufin, ya kwashe man da ke cikin fatar ta inda rufin ya riga ya yi rauni. Abin da ya sami gefen kujerar direba ke nan.

Tone tushen warin: 24 zuwa 28 ga Afrilu 2023

An yi Ƙaramar Sallah ranar 21 ga Afrilu. Ranar Litinin da ta biyo baya Alhaji ya kai motar Kano wurin wani mai ɗinkin kushin da ke aiki kafaɗa da kafaɗa da mai gyaran iyakwandishan. Ɗansa ya ba shi shawarar ya faɗi komai, har kifin da man gyaɗar, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ya faɗa.

Rana ta farko aka cire kan batir, aka jira minti biyu kafin a taɓa wayoyin ƙarƙashin kujera. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce: kujerun gaba na wannan ƙirar suna ɗauke da jakar iska ta kariya a gefensu, kamfanin kuma ya ce a jira aƙalla daƙiƙa 90 bayan cire batir. Aka kwance kujerun gaba, kowace da noti huɗu, aka ɗaga ta baya, aka yaye kafet gaba ɗaya.

A ƙarƙashin kafet akwai wata shimfiɗa mai kauri kamar bargo, wadda aikinta rage ƙara da zafi. A ɓangaren fasinja ta jiƙe sharkaf, in an matsa ruwa na ɗiga, ta yi baƙi da fumfuna. A baya ta hagu ta bushe amma ta yi tabo, tana wari. Ƙarfen ƙasa ya fara tsatsa a wurare biyu. A ramin safayar taya aka sami busasshen ruwan kifi ya yi ɓawo, da ƙaya biyu.

Mai gyaran iyakwandishan ya shiga ƙarƙashin mota ya nemo ɗan tiyon da ke fitar da ruwan na'urar. Duk iyakwandishan yana tara raɓa yayin da yake sanyaya iska, shi ya sa ake ganin ruwa na ɗiga a ƙarƙashin motar da ke tsaye da shi a kunne. Bakin tiyon ya toshe da busasshen taɓo, mai yiwuwa tun ranar da aka ratsa ruwa a Satumba. Da ya zura waya ya buɗe, ruwa ya zubo kusan cikin kofi biyu. Wato wata bakwai ruwan da ya kamata ya zuba a titi yana komawa ƙarƙashin ƙafar uwargida.

"Hajiya ta fi mu gaskiya, Alhaji," in ji shi.

Ya buɗe ɗan akwatin da ke gaban fasinja, ya zaro filtar iskar cikin mota da ke bayansa. Alhaji bai san da ita ba. Ta toshe da ƙura, ganyen darbejiya da kashin ɓera. Aka sa sabuwa, aka fesa kumfar wanke na'urar sanyin ta cikin tiyon, aka bar ta ta tsiyaye.

Rana ta biyu zuwa ta huɗu aikin shanya ne. Shimfiɗar ɓangaren fasinja aka yanke aka zubar, aka sa sabuwa, domin fumfuna in ta shiga irin wannan abu wanki ba ya fitar da ita. Kafet aka wanke a waje, aka ɗauraye sau uku, aka shanya shi kwana biyu cur a rana ana juyawa. Ƙarfen ƙasa da ramin taya aka goge da ruwan kal da aka haɗa da ruwa daidai wa daida, aka kankare tsatsar aka shafa fenti. Motar ta kwana biyu ba kujera ba kafet, ƙofofi a buɗe. Rufin ciki ba a jiƙa shi ba, saboda gam ne ke riƙe da yadin, in ya sha ruwa sai ya saki ya zazzago. Da ɗanyen tsumma aka bi shi sama-sama, sau biyu.

Aikin fatar kanta: 27 da 28 ga Afrilu 2023

Kujerun suna waje a inuwa aka yi musu nasu aikin. Aka samo ruwan wanke fatar mota na kwalba, wanda ba shi da kaifin omo. Mai kushin ya fara gwada shi a ƙasan kujera inda ido ba ya kaiwa, ya jira ya ga launi bai bi tsumma ba. Sannan ya riƙa zuba shi a kan buroshi mai laushi, ba a kan kujera ba, yana bin wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, yana gogewa da farin tsumma kafin ya bushe. Kujerar direba sai da aka bi ta sau uku kafin tsumma ya daina fitowa da maiƙo. Bakin ɗinki da tsohon buroshin haƙori aka bi shi, a nan ne man gyaɗar ya fi taruwa, nan ne kuma hamamin yake.

Washegari aka shafa man gyaran fatar mota, ɗan kaɗan, kamar cokalin shayi biyu ga kujera guda, aka bar shi minti talatin, aka goge abin da bai shiga ba. Fatar ta yi laushi, ta daina sheƙin maiƙo. Launin da ya koɗe a gefen kujerar direba bai dawo ba, tsagun ma suna nan. Mai kushin ya ce sai dai a sake fesa launi ko a canja ƙyallen. Alhaji ya ce a bari tukuna.

Da aka mayar da komai ranar Juma'a, motar ba ta wari. Ba ta kuma ƙamshi. In ka kai hanci jikin kujerar baya za ka ji ɗan ƙamshin fata can ƙasa-ƙasa, amma ba ya tarye ka a ƙofa.

Neman ƙamshin: Mayu zuwa Yuni 2023

Makonni biyu na farko ba a sa komai mai ƙamshi ba. Aka barbaɗa hodar bekin soda rabin kilo a kan kafet da shimfiɗar but, ta kwana, aka zuƙe da injin shara. Ba a bari ta taɓa fata ba. Aka ƙulla gawayi kamar mudu ɗaya a tsofaffin safa biyu, ɗaya a ƙarƙashin kujera, ɗaya a but, ana fitar da su rana duk mako. Gawayin girki bai kai irin wanda ake sarrafawa musamman don shan wari ba, amma shi ke akwai. Ragowar ƙaurin turaren wuta ya ɗauki kusan wata guda kafin ya tafi.

A tsakiyar Mayu Alhaji ya biya wurin dillalin da ya sayar masa da motar, ya tambaye shi yadda za a yi ƙamshin farko ya dawo. Dillalin ya yi dariya, ya shiga ofis ya fito da wata kwalbar fesawa mai hoton kujera a jiki. Ya ce duk motar da ke da kujerar fata sai sun goge ta sun fesa mata wannan kafin su kafa ta. Motar da aka ƙera a 2008, aka sayar a 2022, shekararta goma sha huɗu. Ƙamshin kamfani ya daɗe da tafiya tun tana ƙasar waje.

Alhaji ya sayi irin kwalbar. Ana fesa sau biyu a kan tsumma a ajiye ƙarƙashin kujera, ba a kan fata ba. Ƙamshin ya fito sak irin na ranar da ya sayi motar.

Kawun nasa kuma ya kawo tasa gudummawar. Ya zaɓo ƙyallayen fatar akuya guda huɗu, jimar bagaruwa, kowanne kamar tafin hannu. Ya ce ba kowace fatar jima ake sawa a rufaffen wuri ba, domin wadda ba a wanke ta da kyau ba bayan tausasawa, ko aka cika mata mai, da ta ji zafi sai ta yi ɗoyi. Waɗannan sun shekara a rataye a ɗakinsa, sun bushe sarai. Ya ɗinke su a jakar yadi biyu, aka sa a aljihun bayan kujerun gaba. Ƙamshinsu ba irin na kwalba ba ne. Ya fi nauyi, yana da ɗan ɗaci-ɗacin bagaruwa, irin wanda ake ji a rumfar dukawa a Kurmi. Da rana in mota ta ɗumama ya fi fitowa.

Jarrabawar damina: Yuli zuwa Disamba 2023

An kafa wa motar rumfar kwano a gefen gida kafin ruwa ya sauka. Aka hana yara zuba ruwa a ciki, ɗanyen tsumma kawai, sau ɗaya a mako. Kifi da nama a bokiti mai murfi suke shiga but. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, kuɗin fetur ya ninka kusan sau uku, Alhaji ya rage kunna iyakwandishan. Duk da haka yakan kunna shi sau ɗaya ko biyu a mako, ya leƙa ƙasa ya tabbata ruwa na ɗiga, ya kuma kashe sanyin ya bar fanka kawai kamar minti uku kafin ya iso gida, don cikin na'urar ya bushe.

A Agusta da Satumba an danna kafet sau da yawa, ba laima. Warin rima bai dawo ba, ƙarni ma haka. A Oktoba aka sake wanke fatar aka shafa mata man gyara. A Disamba aka zaro filta aka ga ta yi ƙura, aka canja. Kwalbar fesawa ta ƙare a Satumba, Alhaji bai sayi wata ba. Jakunkunan fatar kawu suna nan, ƙamshinsu ya ragu amma bai tafi ba.

Hukunci

In aka auna gwaje-gwajen uku na farko, kuskurensu ɗaya ne: dukkansu kujera suka nufa, ko iskar da ke cikin mota, alhali ruwan yana ƙarƙashin kafet. Turare bai cire komai ba, ƙari ya yi. Omo da tiyo sun ƙara wa shimfiɗar ruwa, sun kuma yi ɓarnar da ita kaɗai ce ba ta gyaru ba har yau. Sauƙin da aka gani a Disamba na hunturu ne, ba na wanki ba, shi ne kuma ya jawo asarar wata uku. Man kaɗe da man gyaɗa shawara ce mai kyau ga sirdi, amma ba ga fata mai rufi ba.

A ganina, cikin duk abin da aka yi a Kano, buɗe tiyon nan da zubar da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa su ne suka yi kashi mafi girma na aikin, kuma buɗe tiyon bai ɗauki minti goma ba. Da an saurari uwargida a Oktoba, da a nan maganar ta tsaya.

Game da tambayar da Alhaji ya fara da ita kuwa, ko ƙamshin farko ya dawo, amsar ita ce bai dawo daga jikin kujerun ba, ba kuma zai dawo ba. Wanda ya ƙaunata na kwalba ne, ana iya sayensa, amma sai a motar da ba ta da wani wari yake fitowa yadda ya kamata. Abin da wanki da man gyara suka dawo da shi shi ne ɗan ƙamshin da ya rage wa fata mai shekara goma sha biyar, wanda sai ka matsa kake ji. Sauran na bagaruwa ne daga aljihun kujera. Mutanen da yake rage wa hanya zuwa Gujungu sun daina cewa kamar yau ta fito daga kamfani. Wani mai sayar da awaki dai ya taɓa tambayarsa ko sabon takalmi ya saya.